Kalmar "Alien" da Baƙon da Ba Ya Zama Ɗan Gari



A wannan fitowar muna so mu tsaya a kan kalma guda ɗaya ta Turanci, kalmar da kakanninmu na zongo da yawa suka sani alhali ba su taɓa shiga aji ba, domin ta taɓa biyo su har tsakar gida ta sa su ɗaure kaya. Ana rubuta ta "alien", ana faɗinta "eliyan". Wanda ya buɗe ƙamus zai tarar tana da manyan ma'anoni biyu. Ta farko ita ce mutumin da yake zaune a ƙasar da ba ta ɗauke shi ɗanta ba. Ta biyu kuwa wata halitta ce da ake riyawa tana zaune a wata duniya can cikin sararin samaniya, irin wadda ƙannenmu suke gani a fim, mai ƙaton kai da ƙwala-ƙwalan idanu. To, me ya haɗa mai sayar da goro a kasuwar Kumasi, ko mai wankin mota a birnin Jidda, da wannan dodo, har harshe ɗaya ya raɗa musu suna ɗaya? Kuma shin laifin na kalmar ne, har da za a sauya ta da wata mai daɗin ji abin da ake yi wa baƙo zai sauya? Wannan tambaya ta biyu ita ce za ta kai mu Jidda.

Mu fara da asali, domin kalma kamar mutum take, ba a saninta sosai sai an san gidansu. Abin mamaki, ita kanta baƙuwa ce a cikin Turanci. Daga harshen Latin na Rumawan da ta fito, inda suke da "alius", watau wani, ko na dabam, daga gare ta kuma suka ciro "alienus", watau na wani, abin da ba naka ba. Ta ratsa ta tsohon Faransanci ta shiga Turanci a ƙarni na 14. A bakin Rumawa ba mutum kaɗai take siffantawa ba. Gonar wani, dokin wani, gidan wani, duk da ita ake faɗi, har bashi ma suna ce masa "aes alienum", watau kuɗin wani da yake hannunka. Tana da dangi a Turanci, kamar "alias", sunan aro da mutum yake ɓuya a bayansa, da "alibi", hujjar wanda ake tuhuma cewa yana wani wuri dabam sa'ad da aka yi laifi.

Abin da muke so mai karatu ya riƙe shi ne, babu kome a cikin kalmar sai "ba namu ba". Ba ta faɗi daga ina mutumin ya zo ba, ko wurin wa ya sauka, balle ranar da zai daina zama haka. Kalma ce ta masu rabon dukiya, shi ya sa lauyoyi suka fi kowa sonta.

A 1608 alƙalan Ingila suka zauna a kan shari'ar da ake kira ta Calvin, a kan ko yaron da aka haifa a Sikotlan bayan sarki ɗaya ya haɗa sarautun ƙasashen biyu yana da ikon mallakar ƙasa a Ingila. Babban alƙali Edward Coke, wanda ya rubuta bayanin shari'ar, ya kasa waɗanda ba 'yan ƙasa ba gida biyu: baƙo aboki, wanda sarkinsa yake zaman lafiya da sarkin Ingila, da baƙo maƙiyi, wanda ake yaƙi da sarkinsa. Sa'an nan ya ƙara da cewa waɗanda ba Kirista ba maƙiya ne na har abada a idon doka, maganar da alƙalan da suka zo bayansa suka yi watsi da ita. A 1798 Amurka ta yi dokar baƙi maƙiya, wadda aka yi amfani da ita a kan Japanawa da Jamusawa da Italiyawa mazauna ƙasar a yaƙin duniya na biyu, aka kuma sake zaro ta a 2025 a kan 'yan Benezuwela. A 1905 Ingila ta yi tata dokar baƙi, galibi don tare Yahudawan da suke gudowa daga daular Rasha. Turawan mulki suka zo mana da kalmar cikin akwatin dokokinsu, suka tafi suka bar mana ita.

Ba sai mun tsawaita a kan abin da ta yi a nan Ghana ba, domin a kowane zongo akwai tsohon da zai ba da labarin fiye da mu. A 1957, shekarar samun 'yanci, gwamnatin Nkrumah ta kori Alhaji Amadu Baba da Alhaji Usman Lardan, manyan zongon Kumasi, zuwa Nijeriya, alhali suna cewa su 'yan ƙasar nan ne. Ranar 18 ga Nuwamba 1969 gwamnatin Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya fita. Mutane fiye da dubu ɗari suka bar gidaje da rumfunan kasuwa da gonakin koko, cikinsu har da waɗanda ba su taɓa ganin ƙasar da aka ce tasu ce ba. A Janairun 1983 gwamnatin Shagari a Nijeriya ta yi irin wannan, 'yan Ghana wajen miliyan ɗaya suka dawo da kaya cikin jakar nan mai zane-zane, wadda har yau da sunan wannan kora ake kiranta.

Ma'ana ta biyu yarinya ce ƙwarai idan aka gwada ta da ta farko. Marubutan ƙagaggun labaran kimiyya a mujallun Amurka su suka fara sa kalmar ga halittun wata duniya a rabin farko na ƙarni na 20, ta bazu sosai daga wajen 1950, sa'an nan fim ɗin nan mai suna Alien na 1979 ya ƙarasa kafa ta a kunnen duniya. Har yau babu masanin kimiyya da ya zo da tabbatacciyar hujja cewa akwai irin waɗannan halittu, kuma ba wannan muke bincike ba. Abin lura shi ne, da marubutan nan suka ƙago abin da ba ɗan Adam ba, mai jini dabam da nufi dabam, wanda ba a san harshensa ba balle a yi sulhu da shi, ba su wahalar da kansu wajen ƙirƙiro masa suna ba. Sun duba cikin harshensu suka tarar da sunan da ya dace da shi a ajiye, shi ne wanda suke kiran maƙwabcinsu ɗan wata ƙasa da shi. Daga nan sai kalmar ta dawo kan mutum da warin dodo a jikinta. Yaron da ya fara jin ta a fim, ran da ya ji an kira wani bawan Allah da ita a labarai, hoton ya riga ya zauna a kansa.

Masu shirya fim su kansu sun san da haka. Fim ɗin District 9 na 2009, wanda ɗan Afirka ta Kudu Neill Blomkamp ya shirya, ya zuba halittun sama a wata unguwar bukkoki a gefen Johannesburg, hukuma tana bi ƙofa ƙofa da takardar tashi, yana tuna wa mutane yadda gwamnatin wariyar launin fata ta rushe unguwar District Six a Cape Town ta kwashe mutum wajen 60,000. Sai dai fim ɗin da ya zo jan kunne a kan wulaƙanta baƙo, shi ne kuma ya nuna 'yan Nijeriya a matsayin 'yan daba masu cin naman halittun, har gwamnatin Nijeriya ta nemi gidajen silima su daina nuna shi.

Yanzu mu duba namu kalmomin. Larabci bai haɗa ma'anonin biyu ba. Halittar sama "ka'in fada'i" ake ce mata, watau halittar sarari, mutum kuwa yana da nasa sunaye. "Ajnabi" daga "janb" take, watau gefe, wanda yake can gefe nesa da dangi, kuma da kalma daga wannan tushe ne aka ambaci maƙwabcin da ba dangi ba a Suratun Nisa'i aya ta 36, cikin jerin waɗanda aka yi umurnin a kyautata musu tare da iyaye da marayu. A fiƙihu ajnabi shi ne wanda ba muharrami ba, wanda aure yake halatta da shi, kun ga ke nan ajnabin yau yana iya zama surukin gobe. "Garib" tushenta ɗaya da magariba, wanda ya yi nisa kamar yadda rana take nisa ta faɗi, kalma ce ta mai kewar gida. Ga kuma "ibnus sabil", ɗan hanya, wanda yake da rabo a zakka ko da attajiri ne a garinsu.

Hausa ta ce baƙo, kuma ba a faɗin baƙo ba tare da an tuna da mai masauki ba. Muna cewa baƙonka annabinka, muna cewa baƙo raɓa ne. Ko aljannu da muka so sakaya sunansu, mutanen ɓoye muka ce, muka ba su rabo a cikin mutane. Sunan unguwanninmu ma, zango, wurin da ayarin fatake yake sauke kaya ne ya kwana.

Amma abin da ya fi ɗaukar hankalinmu a waɗannan kalmomi shi ne dukansu suna da wa'adi. Hadisi ya iyakance liyafar baƙo da kwana uku, abin da ya ƙaru sadaka ne. A mazhabarmu ta Malikiyya, matafiyin da ya yi niyyar zaman kwana huɗu a gari ya daina ƙasaru ke nan, sai ya cika salla kamar 'yan gari, sunansa ya koma muƙimi. Raɓa ba ta wuce hantsi. Watau baƙunci hali ne mai wucewa kamar tafiya ko jinya, ko dai baƙo ya koma garinsu ko ya zama ɗan gari. Kalmar Turawa kuwa ta mai da shi jinsi, irin halitta, abin da ake haihuwar mutum da shi ya kuma gadar wa 'ya'yansa. Shi ya sa ta zauna wa dodon sama daram.

Da a nan za mu tsaya da mun ji daɗi, mu ce harshenmu ya fi nasu, mu rufe mujalla. Jidda ce ba za ta bar mu ba, domin a can babu wanda yake cewa "alien", da Larabci ake kome.

Jidda gari ne da baƙi suka raya. Tun shekara ta 26 bayan hijira, da Halifa Usman ɗan Affan ya mai da ita mashigar Makka ta teku maimakon Shu'aiba, yawancin masu tahowa aikin hajji ta ruwa a nan suke fara taka ƙasa. Dogayen gidajen tsohon birni, na unguwar Balad da hukumar UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2014, da yawansu iyalai 'yan asalin Hadramaut da Masar da Sham da Indiya suka gina. Mutanen gari suna cewa sunan daga "jadda" yake, watau kaka, saboda wani wuri da ake danganta wa Nana Hawwa'u, wanda matafiyi Ibnu Jubair ya ambaci ƙubbarsa tun ƙarni na 12. Malaman lugga sun fi karkata ga "Judda", watau gaɓar teku, mu ma nan muka karkata, amma ba mu ƙi jin daɗin maganar mutanen gari ba, cewa garin kakar kowa ne.

Mutanenmu suna cikin waɗannan baƙi tun da daɗewa. Larabawan Hijaz suna kiran mutumin Afirka ta Yamma "Takruni", jam'i "Takarna" ko "Takarir", daga sunan Takrur, wata daula a bakin kogin Sanagal wadda sarkinta ya musulunta tun ƙarni na 11. Daga nan Hausawa suka samo "Takari". Tafiyar a ƙasa ake yin ta, daga Kano a bi ta Barno da Wadai da Darfur, a tsaya ƙwadago a Sudan shekara da shekaru ana tara guzuri, a kai Sawakin a shiga jirgin ruwa. Waɗansu a hanya aka haife su, waɗansu a hanya aka binne su. Bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903, Sarkin Musulmi Attahiru ya fita hijira zuwa gabas, aka kashe shi a Burmi a wannan shekara, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da jama'a har suka kafa garin Mai Wurno a bakin kogin Nilu. Cikin irin waɗannan ayari akwai waɗanda suka ƙetare teku ba su dawo ba. Bukkokinsu a bayan ganuwar Jidda suke, suna dako da gini da ɗiban ruwa. Da aka rushe ganuwar a 1947 birni ya faɗaɗa ya haɗiye su, aka wayi gari a unguwannin kudu irin su Karantina da Gulail da Sabil mutum yana jin Hausa a titi, har tsire ya shiga cikin abincin Hijaz da sunansa, sai ɗan jirkicewar da ya yi a bakin Larabawa.

Waɗanda suka riski rajistar 'yan ƙasa a farkon daular Saudiyya sun zama Saudawa, jikokinsu su ne masu nisbar Hausawi da Fallata da Barnawi. A gasar cin kofin duniya ta 2018 a Rasha, 'yan wasan Saudiyya uku Hausawi ne sunansu, har da kyaftin ɗinsu Usama Hausawi. A watan Mayu 2023 kuma Rayyana Barnawi, wadda aka haifa a Jidda, ta zama mace ta farko 'yar Saudiyya da ta je tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa. Nisbar Barnawi a Hijaz da Sudan Barno take nunawa. Ku dubi ikon Allah, mai ɗauke da sunan baƙi ita ƙasar ta zaɓa ta tura can inda masu fim suka ce dodanni suna zaune, ta yi kwanakinta tana gwaje-gwajen kimiyya ta dawo lafiya.

To, amma wanda kakansa bai yi rajista ba fa, ko don rashin sani, ko don yana ganin baɗi zai koma gida, ko don ya iso bayan an rufe ƙofa? A dokar Saudiyya zama ɗan ƙasa ta wajen uba yake bi, haihuwa a ƙasar kaɗai ba ta ba da shi. Don haka akwai jama'a masu yawa da ake kira "mawalid", watau haifaffun ƙasar, waɗanda a can aka yanke cibiyarsu da ta iyayensu, amma a takarda ajnabai ne. Mai koyar da Larabci ba zai iya wuce kalmomin hukumar ba tare da ya tsaya ba, don kyawunsu. Alhaji "ɗaifur Rahman" ne, baƙon Allah. Ma'aikaci ɗan waje "wafid" ne, daga "wafd", tawagar da ake tara da girmamawa, kalmar da shekara ta 9 bayan hijira ta shahara da ita. Wanda yake zaune da izini "muƙim" ne, katinsa kuma "iƙama". Nan ne abin ya fi ba mu mamaki. A littafin fiƙihu, muƙimi shi ne wanda ya fita daga hukuncin tafiya bayan kwana huɗu. A ofishin shige da fice, muƙimi shi ne wanda ake sabunta wa izinin zama da kuɗi lokaci bayan lokaci, ko da ya shekara 50 a gari, galibi kuma da sunan wani kafili. Ran da katin ya mutu sunansa ya koma "mukhalif", mai saɓa doka, abin da yake jiransa kuma "tarhil", daga tushen da ya ba mu "rihla", watau a ɗora shi a kan hanya.

Ba ƙaramar jama'a ake magana ba. Ƙidayar 2022 ta nuna cikin mutum miliyan 32.2 da suke ƙasar, miliyan 13.4 ba 'yan ƙasa ba ne. A Nuwamba 2013 wa'adin gyara takardu ya ƙare aka shiga kame, a 2017 aka sake wani gangamin. A Yulin 2017 aka sa harajin riyal 100 a wata a kan kowane mutum da ɗan waje yake riƙe da shi, mata ko ɗa, ya riƙa hawa har ya kai 400 a 2020. Mai 'ya'ya shida ya yi lissafi da kansa. A 2019 aka fito da iƙama ta musamman wadda ba ta ƙarewa kuma ba ta bukatar kafili, kuɗinta riyal 800,000. Ashe baƙuncin yana da ƙofar fita, sai dai mai wankin mota ba zai ga ko ƙyaurenta ba. Sa'an nan daga ƙarshen 2021 zuwa 2022 aka rushe unguwanni fiye da 60 a Jidda, cikinsu har da Karantina da Gulail da Sabil. Ƙungiyar Amnesty International ta ce abin ya shafi mutum fiye da rabin miliyan, kusan rabinsu baƙi, kuma tsarin diyyar da aka sanar 'yan ƙasa kaɗai ya shafa.

Adalci wajibi ne a kanmu ko ga wanda muke ƙorafi da shi. Ƙasa tana da haƙƙin sanin wanda ya shigo mata, balle ƙasar da take saukar miliyoyin alhazai da masu umra kowace shekara. Wanda ya karɓi bizar umra a kan sharaɗin zai fita, sa'an nan ya ɓuya, ya saɓa alkawari, kuma son maƙwabtaka da Ɗakin Allah ba ya halatta saɓa alkawari. Masu safarar mata da yara da naƙasassu zuwa bara a titunan Jidda da Makka sun ɓata sunan Takari fiye da yadda wani Balarabe ya ɓata shi. Hukuma ta ce unguwannin da ta rushe matattarar miyagun ƙwayoyi da laifuffuka ne, kuma wanda ya san su ba zai ce duka ƙarya ce ba. Duk mun yarda. Sai dai alkawari yana kan wanda ya ɗauka. Jaririn da aka haifa a Gulail bai sa hannu a kome ba, kuma ƙa'ida ce sananniya a addini cewa ba a kama wani da laifin wani. Idan ya girma a can, ya yi aure a can, ya binne uwarsa a can, kuma babu wata hanya da ɗabi'arsa ko aikinsa ko yawan shekarunsa za su mai da shi ɗan gari, to an yi masa abin da kalmar Turawa take yi, ko da da harshen Alƙur'ani aka rubuta takardar.

Wannan ne ya sa ba mu cika ɗokin masu ganin gyaran kalma shi ne magani ba. A 2021 gwamnatin Biden a Amurka ta umurci hukumomin shige da fice su daina rubuta "alien", su sa wata kalma mai nufin wanda ba ɗan ƙasa ba. A 2025 gwamnatin Trump ta dawo da ita. Ba mu ce suna ba shi da tasiri ba, wanda aka taɓa kira da mummunan suna a bainar jama'a ya san zafinsa. Amma a tsakanin waɗannan shekaru ba a daina tsare mutane da korarsu ba. Tambayar da ta fi amfani a yi wa kowace al'umma ita ce, ta wace ƙofa baƙo yake zama ɗan gari a wurinku, kuma talaka yana iya bi ta nan?

Magabata suna da irin waɗannan ƙofofi. A Madina an ƙulla 'yan'uwantaka tsakanin Muhajirai da Ansaru, har a farko suna gadon juna. Larabawa suna da wala'i da ƙawance, waɗanda bare yake shiga ƙabila ta hanyarsu a lissafa shi cikinta. A birnin Kano akwai Zangon Barebari da Tudun Nufawa da Ayagi da Dandalin Turawa, sunayen suna faɗin daga inda kakanni suka zo, amma ba mai ce wa jikokin ba Kanawa ba ne. Fasfo da iyaka da katin shaida su suka zo da baƙuncin da ba ya tsufa, kuma ƙasashen Musulmi sun karɓe shi hannu bibbiyu kamar kowa.

Mu 'yan zongo mun san ɗanɗanon wannan. Yaron da aka haifi kakansa a Sabon Zongo ko Nima yakan je neman takarda a ce masa, to ina ne garinku na asali, don kawai sunansa Garba ko Mumuni. Duk da haka, a cikin zongon nan akwai gidajen da suke ƙirga shekarun zuwan kowace ƙabila kafin su ba da 'ya, akwai masu kallon 'yan matan arewa masu dakon kaya a kasuwa kamar ba daga cikin mace suka fito ba, akwai kuma wanda da ya ji an ce Bafillace makiyayi ya yanke hukunci tun bai ga fuskarsa ba. Ba ma bukatar kalmar Latin kafin mu iya.

Tsakanin Jidda da Makka akwai sansanin Shumaisi, inda ake tara waɗanda za a kora kafin a sa su a jirgi. Jiragen sukan sauke namu a Kano ko Abuja ko Yamai. A cikinsu akwai samari da 'yan mata da aka haifa a can, Larabcin Hijaz ne a bakinsu, Hausarsu kuwa ta kakanni ce, waɗansu ma ba su san sunan ƙauyen da za su tambaya a tasha ba. A Jidda Takarna ake ce musu. Idan sun sauka, 'yan'uwansu Hausawa Takari suke ce musu.